Ƙishirwar Ganye

Ka ce tun da ka ɗauko tsohuwarka daga ƙauye ba abin da ka rage ta da shi, ga abinci, ga sutura, ga ɗakinta ita kaɗai, amma kullum sai ramewa take yi. To, gyara zama ka ji labarin wani direba.

Direban nan ya ƙare ƙuruciyarsa yana jigilar goro daga Kurmi. A can yana da mai masauki, wani dattijo da ya riƙe shi kamar ɗan'uwa. A barandar dattijon akwai wani tsiro mai yaɗo, ganyensa faffaɗa mai siffar zuciya, kore shar, yana ƙyalli kamar an shafa masa mai. 'Yan boko suna kiransa filodendiron. Da ƙarfin direban ya fara ja baya zai bar tuƙi, ya je yin sallama, sai dattijon ya yanko masa reshe, ya dasa a tukunya, ya ce ya tafi da shi ya riƙa tunawa da su. Ba a daɗe ba labarin rasuwar dattijon ya iso. Daga ranar tsiron nan ya zama shi kaɗai ne abin da ya rage masa na mutumin.

Ya ajiye tukunyar a falo, kan tebur, daidai ƙarƙashin fanka, inda duk baƙon da ya shigo zai gani ya tambaya, shi kuma ya samu ƙofar ba da labarin Kurmi. Labarin da ya fi so shi ne na iskar garin, mai nauyi da laima, wadda in ka shanya riga da safe sai ta kwana ba ta bushe ba. Da damina tsiron ya yi ta yaɗo har ya sauko daga teburin. Da ruwa ya ɗauke, rani ya yi nisa, iska ta bushe ƙayau, sai bakin ganyen ya fara ƙonewa yana nannaɗewa. Direban ɗan manoma ne, kuma abin da ya tashi da shi shi ne shuka in ta yi yaushi ruwa take so. Sai ya nufi randar matarsa da ke girke kan yashi a lungun rumfa, ya ciko moɗa, ya zuba. Ganye bai daina ƙonewa ba, ya ƙara moɗa. Ya sa taki. Ya ƙara wa fankar gudu, wai kada zafi ya dami baƙon tsironsa. Wata rana garin juya tukunyar wani ɗan reshe ya karye a hannunsa. Ya tafi da shi ɗebo ruwa, ya ajiye a gindin randa don ya buɗe murfi, ya manta da shi a can. Haka ya yi ta safa da marwa tsakanin randa da falo, ƙasar tukunya ta koma taɓo, ganyen ƙasa ya yi rawaya, na sama yana ta bushewa. Ranar da wari ya fara tashi ya jawo tsiron, sai ga shi ya tumɓuko ba gardama, saiwar duk ta ruɓe ta yi baƙi. Ya daɗe zaune da shi a hannu, yana jin kamar ranar aka yi masa rasuwar.

Bayan wasu makonni ya je shan ruwa, moɗa ta suɓuce masa ta gangara bayan randa. Da ya sunkuya ɗauko ta sai ya yi ido biyu da ganye kore shar, mai ƙyalli, ba inda ya ƙone. Ɗan reshen da ya manta ne ya kafa saiwa a yashin, ya fara hawa jikin randar. Ya kira matarsa ya tambaye ta moɗa nawa take zuba masa.

Ta ce, «Ni? Ko ɗigo, Malam. Randa ce ke naso, shi kuma yana shan iskarta.»

Ya kai hannu lungun, ya ji sanyin laimar nan da ya sha ba baƙi labarinta. Ashe ƙishirwar a ganye take, shi kuwa ya yi ta ɗura wa saiwa har ya kashe ta. Abin da ganyen yake nema yana nan a gidan tun farko, a daidai wurin da yake tsayawa safe da yamma yana ɗibar ruwan da ya ruɓar da saiwar. Bai sake kai reshen falo ba. Baƙon da ke son gani, sai dai ya biyo shi lungun rumfa.

Kai ma na ga kana ta ciko moɗa. Tsohuwar da ta saba buɗe ido cikin hayaniyar jikoki da sallamar maƙwabta ka kai ta ɗakin da ba mai leƙawa, alhali 'ya'yanka na tsakar gida suna wasa, kai da kanka ka hana su shiga wai kada su dame ta. Direba dai ya ci sa'a, reshe ɗaya ya tsira masa. Kai ba ka da wani reshen.

Hausawa suka ce, rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami.