Ranar da Fannami Ya Zauna

"Sauko!" na daka wa ɗana Fannami tsawa. Ya riga ya ɗare tagar asibitin Diffa.

Tun da aka kashe uwarsa a harin Bosso nake rainonsa ni kaɗai. Direktan makarantarsu ya ce ko in kawo shaidar likita a kan rashin natsuwarsa, ko ya kore shi.

Likitar ta shigo don auna tsananin abin. Ta zuba masa tattasai, ta ce ya ware ja daga kore, tana duban agogo. Yaron da bai taɓa jiran ƙarshen maganata ba ya matsa jikinta, ya ware tsaf.

"Malam Grema, nasa kaɗan ne, ban ga abin rubutawa ba," in ji ta. "Wataƙila matsalar daga gida take."

Littattafan da na karanta sun fi shekarunta yawa, amma ita yaron ya zaɓa.

A waje na finciko hannunsa. "Da me ta fi ni?"

"Baba, ƙamshin humrar Inna ne a jikinta."

Na sake shi. Ni ma tun shigowarta har muka tashi fita ban motsa daga kujerata ba.