Ƙuri'ar Tambaya

Ana gobe zaɓe Tambaya ta gano katinta ba zai dawo ba. Sati uku da suka wuce mutanen kansila Sirajo suka bi gida-gida suna karɓar katin zaɓen mata, wai za a rubuta su a rabon taki. Ba taki, ba kati. Sun san matan ƙauyen sun cika da shi.

Ita kuwa ta fi kowa cika. Shekara uku yana alkawarin gyara gadar hanyar Tambuwal. Da daminar bara naƙuda ta kama autarta Nasiha, aka ɗora ta a babur, suka tarar ruwa ya cinye gadar. A bakin rafin ta cika. Kansila ya zo gaisuwa da babbar riga, har da hawayensa. Tambaya ko kallonsa ba ta yi ba. Dama sunansa ba ya fita daga bakinta, "wancan" take ce masa.

Ta yafa mayafi ta nufi gidansa. 'Yan bangar da ke zaure suka miƙe, babu wanda ya iya tare ta. Ta wuce har ɗakinsa, ta jawo buhun katunan daga ƙarƙashin gado, ta ɗora a ka. Matarsa na tsaye, ta kasa ɗaga ido.

Kafin magariba kowace mace ta karɓi nata.

Da safe mata suka cika rumfar zaɓe, layi har bayan makaranta. Wakilin kansila ya lallaɓo, murya ƙasa-ƙasa, ya roƙe ta ta rufa asiri ta koma gida. Ta ce masa asirin da ya rage yana kabarin Nasiha, ya je can ya rufa. Ta shiga, ta dangwala yatsa da ƙarfi kamar za ta huda takardar.

Tana fitowa ta tarar da kansila. Ya cire takalmi, ya durƙusa a gaban jama'a, ya tambaye ta wa ta zaɓa.

Ta dube shi, karo na farko tun rasuwar Nasiha.

"Haihuwarka ba ni ni zaɓa ba, ɗan fari, Allah ya ba ni," ta ce. "Wagga ko zaɓina ta, kuma ban ba ka ba."