Shukar da Aka Hana Yi wa Magana

Ƙarfe bakwai na safe Furofesa ya ja kujera gaban wani tsohon bokitin fenti, ya gyara tabarau, ya yi wa shukar tumatir sallama.

Ba furofesa ba ne. Shekara talatin da biyu ya yi yana koyar da kimiyya a sakandare, abokai suka liƙa masa sunan don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu. Tun da ya yi ritaya ba shi da aiki sai manyan tambayoyi: me ke bayan sararin sama, ko lokaci na da farko, ko kifi na jin ƙishirwa. Wurin sauke su kuwa bencin ƙofar kemis ɗin amininsa, inda tsofaffi ke taruwa da la'asar.

A bencin nan ne bakinsa ya ja masa. Ya ce tsirrai na jin magana, kuma shukar da ake yi wa hira ta fi saurin girma. Mai kemis ya yi dariya har da tari.

"Mutumina, mun gaji," in ji shi. "Gwada mu gani. In ka ci, ni da kaina zan riƙa gaishe da bishiyar nan kullum. In ka faɗi, ka gama kawo mana tambaya a bencin nan har abada. Ka zo, ka gaisa, ka ja bakinka."

Furofesa ya amince kafin ya yi tunani. Sai a hanyar gida tsoro ya kama shi, don shi dai da a hana shi tambaya gara a hana shi abinci.

Bai yi wasa da shirin ba. Bokiti biyu iri ɗaya, ƙasa daga buhu ɗaya, iri daga tumatir ɗaya, ruwa kofi ɗaya kowace safiya. Ya ajiye ɗaya a tagar ɗakin karatunsa, ɗayar a tagar sito kusa da kicin, duka suna kallon gabas. Ya kafa doka cewa ko tari ba a yi a sito. Dokar ba ta da wuya, tunda yara duk sun yi aure sun watse, gidan daga shi sai matarsa. Wa'adi kwana arba'in.

Ya duƙufa. Awa biyu da safe, awa ɗaya da yamma. Shayinsa ma ya koma sha a gaban bokiti. Ya yi wa shukar bayanin yadda taurari ke mutuwa, ya karanta mata jarida har da shafin wasanni, da labari ya ƙare ya shiga ba ta tarihin ƙuruciyarsa, wanda bai taɓa ba kowa ba.

A makon farko matarsa kan leƙo.

"Malam, ka ji abin da autarmu ta ce a waya?"

"Muna cikin darasi," yakan ce, ko waiwaye babu.

A mako na biyu ta daina leƙowa. Wannan ya yi masa daɗi ƙwarai, har ya gaya wa 'yan benci cewa mutum in an yi masa bayani yakan girmama kimiyya. Ta ma ɗauke masa ba shukar sito ruwa. Ya bincika, kofi ɗaya ne cif, ba ƙari. Siton kuwa bai taɓa ganin shara irin ta kwanakin nan ba.

Ran kwana ashirin ya auna. Tasa inci shida, ta sito inci tara. Ya ce ai farko ne, ya ƙara awa ɗaya. Ran kwana talatin ta sito ta fara fure, tasa tana tsaye tana sauraro kamar ɗalibar da ba ta gane komai. Muryarsa ta dusashe. Wata safiya har ya ɗebo taki a cokali, ya tsaya a kan bokitinsa, sannan ya mayar. Surutu gare shi, amma ba ya maguɗi.

Ran na arba'in mai kemis ya zo da shaidu biyu da tef ɗin tela. Aka auna ta ɗakin karatu, aka wuce sito a kan yatsun ƙafa aka auna ɗayar. Ta sito ta fi tasa da inci bakwai, ga 'ya'ya uku koraye shar. Sai da suka fito tsakar gida mai kemis ya saki dariyar da ya riƙe.

"Furofesa, ashe shiru ma taki ne. Amma na yi maka rangwame, gaisuwarka ta iya yin tsawo."

Ya raka su bakin titi ya dawo yana jan ƙafa. Abin ya yi masa ciwo sosai. Bencin ya tafi, tambayoyi kuwa ga su nan cike da kai, ba wanda zai sauke wa. Sai ya ji yana son ya gaya wa wani, kowa ma. Ya leƙa ɗaki, matarsa ba ta nan. Ya leƙa kicin, tukunya kaɗai ke tafasa.

Ƙofar sito a ɗan buɗe take. Ya matsa zai rufe, sai ya hango ta zaune a kan kwali, tana goge ganye da bakin zane, murya ƙasa-ƙasa.

"Kin ci, ƙawata. Ƙila yanzu ya tuna yana da mata ya dawo yi mini magana, amma kada ki damu, hirar nan da muka yi kwana talatin muna yi, ba zan daina zuwa ba."