Ruwan Ilu Mai Hoto

Tun da aka kafa dokar cewa duk takardar hoto sai ta koɗe cikin shekara, mutane suka daina rataye fuskokin mamatansu a bango. Hajiya Tasalla ta ji raɗe-raɗin cewa Ilu mai hoto yana da ruwan da ke hana koɗewa, ta je shagonsa da hantsi da hoton mahaifiyarta, wanda shi kaɗai ya rage mata.

Ilu ya sakaya ƙofa, ya tsoma hoton a faranti mai ruwan ɗorawa. Tana kallo fuskar tsohuwar ta dushe, har takardar ta koma kusan fara. Ta cafke masa hannu.

"Malam, hukuma kake yi wa aiki?"

"Sai baƙin ya fita kafin jan ya kama, Hajiya. Sake ni, kada ya wuce lokaci."

Ta sake shi, amma ta tsaya tsakaninsa da ƙofa. Ya ɗauraye takardar, ya saka ta a faranti na biyu mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Sannu a hankali idanu suka dawo, sannan tsagen kumatu, duk jajaye kamar lalle.

"Wa ya kwatanta miki nan?" in ji Ilu.

"Na manta."

"To, sai ya bushe. Ki dawo gobe."

Ta dubi igiyar shanyarsa. Babu hoton kowa a kai. To, ina yake kai waɗanda ake bar masa?

"Miƙo mini shi haka."

"Zai lalace, Hajiya."

"Ya lalace a hannuna."

Ta sa shi jiƙe cikin hijabinta, ta buɗe ƙofa.