Takaba a Gida Mai Taya

Ku rubuta yadda na faɗa, ni Kande matar marigayi Malam Tanimu, tunda ban iya riƙe biro ba. Ƙarar dillalin da ya miƙa mana gida mai taya nake yi, bayan ruwa ya cinye unguwarmu.

Ranar miƙawa ya murɗa mana famfo, ya kunna murhu, ya jawo gado daga bango yana washe baki. Har inda zan rataye buta ya nuna min. Amma bai faɗa mana gidan ba ya wuce kwana uku a wuri ɗaya ba, da kansa yake tashi.

Ranar da muka sauka Gezawa Malam ya rasu. Ranar addu'ar uku ina zaune kan tabarma, sai na ji ɗakin ya motsa. Ta taga na hango ƙanwata Asabe tana bin mu da gudu, kwanon waina a ka.

Yau na sa aka kirawo min dillalin. Na ce, "Kai ɗan nan, tsayar min da gidan nan in gama takaba."

Ya ce, "Inna, doka ce. Ai ko yana tafiya kina ɗakin mijinki, takabarki ba ta ɓaci ba."

Na ce, "Sannu malamin famfo! Masu gaisuwa fa, a ina za su same ni?"

Wai su bugo waya.

Wata huɗu da kwana goma kawai nake nema. Jibi gidan zai sake tashi, ga shi tun yanzu ban san ta wane ɓangare kabarin Malam yake ba.