Na'urar Ban Ruwa ta Hassu

Tun da aka kafa dokar ruwa, famfon fadama ba ya buɗewa sai ga na'urar da ke ɗauke da sabon tsarin hukuma. Ta Hassu kuwa marigayi mijinta ne ya harhaɗa ta da hannunsa daga tsofaffin wayoyi da kayan cikin rediyo. Da albasarta ta fara yaushi, sai ta naɗe na'urar a zani ta kai wa Iliya mai gyara.

Iliya ya ɗora tsarin, aiki ya yi nisa, sai allon ya yi baƙi. Ya sake gwadawa, haka dai. Ya kwance murfin ya daɗe yana leƙe.

"Yaya Hassu, ga abin da tsarin ya ƙi," in ji shi, yana nuna wani ɗan guntu da aka liƙa da dalma. "Ba shi da hatimin kamfani."

"A nan muryar maigidan take. Ita ke gaya mini lokacin ban ruwa."

"Na sani. Tare muka liƙa shi."

"To cire ka ba ni in adana."

Iliya ya sunkuyar da kai. "Wutar batir ce ke riƙe da muryar. Da na ɗaga shi, shi ke nan."

Hassu ta tuna albasar nan ita ce abincin yara bana. Ta ce ya kunna mata tukuna. Muryar ta yi ɗan tari, ta ce, "Hassu, tashi, rana ta yi sanyi."

Ta juya ta fuskanci bango.

"Cire," ta ce.