Yakuwar Bokiti

Inna Barira na tsinkar zogale a bayan ɗaki wayarta ta yi ƙara. Autarta ce, Raudatu, da ke karatu a Kanada, ta turo hoto: tuwo faranti huɗu, da miyar yakuwar da ta shuka a bokiti.

Saƙon murya ya biyo baya: "Inna, yau ma ƙawayena sun cika min ɗaki."

Inna ta ƙura wa hoton ido. A bakin ƙofa takalmin Raudatu ne kaɗai.

Da la'asar ta kwaɗa zogalenta, ta raba a kwano biyar, ta jera a tabarma, ta ɗauki hoto ta tura.

"Madalla, 'yar nan. Mu ma nan garin Kunci, gidan ba masaka tsinke. Ki ci ki ƙoshi."

Sai ta juye kwano huɗun cikin ɗaya. Ta sunkuya ta kwashe tsofaffin takalman yayyen Raudatu da ta jera a gefen tabarma, ta mayar da su ƙarƙashin gado.

Ta share ido da haɓar zani.

"Yarinya kenan. Ko ƙaryar ba ta iya ba tukuna."